Nahawun Turanci: Jimlar 'ko da yake' da ba ta da aikatau

Duk mai karanta jaridun Turanci, ko rahotannin kamfanonin dillancin labarai, yakan ci karo da wata irin jimla wadda da ganin farko za a ɗauka wani abu ne ya faɗi daga cikinta wajen bugawa.

Alal misali: "Although ill, the governor attended the meeting." Wato ko da yake gwamnan ba shi da lafiya, ya halarci taron.

Abin da aka fi koyarwa a makaranta shi ne "Although he was ill". A nan kuwa an cire kalmomi biyu, wato wakilin suna "he" da aikatau "was", aka bar sifa ita kaɗai. Ba kuskure ba ne. Tsari ne da ya daɗe a rubutaccen Turanci, yana kuma da ƙa'idojinsa, waɗanda rashin saninsu kan sa mai rubutu ya faɗi abin da bai nufa ba, ko mai fassara ya ɗora wa wani abin da ya faru da wani.

Abin da ake cirewa

A Turanci akwai wasu aikatau da ba aiki suke nunawa ba, illa dai su haɗa wanda ake magana a kansa da sifarsa ko matsayinsa. Babbansu shi ne "be", tare da sigoginsa irin su "is" da "are" da "was" da "were". Akwai kuma "seem" da "become" da "look" da "remain" da makamantansu.

Ganga kuwa, a nahawu, wani ɓangare ne na jimla mai ɗauke da aikau da abin da aka faɗa a kansa. Gangar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda take kawo wani abu da ya kamata a ce ya hana abin da ke cikin babbar ganga faruwa, amma bai hana ba. A Hausa ana buɗe ta da "ko da yake" ko "duk da cewa". A Turanci ana buɗe ta da "although" ko "though" ko "even though" ko "while", wani lokaci kuma da "even if".

Masana nahawun Turanci sun daɗe da lura da wannan tsari. Littafin A Comprehensive Grammar of the English Language, wanda Randolph Quirk da Sidney Greenbaum da Geoffrey Leech da Jan Svartvik suka wallafa a 1985, ya kira irin wannan ganga "verbless clause", wato ganga marar aikatau. Shi kuwa littafin The Cambridge Grammar of the English Language na Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, wanda ya fito a 2002, ya saɓa wa magabata wajen rarraba kalmomin, inda ya sanya "although" cikin ajin kalmomi irin su "before" da "after", maimakon ajin mahaɗai. To sai dai wannan saɓani na suna ne kawai. A kan abin da ya halatta a rubuta da wanda bai halatta ba, littattafan biyu ba su yi nisa da juna ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce aikau da aikatau tare suke tafiya. Ba a cire ɗaya a bar ɗaya. Ana cewa "although he was ill", ana kuma cewa "although ill", amma ba a cewa "although he ill" ko "although was ill".

Abin da ya saura bayan an cire su ba lalle ne ya zama sifa ba. Yana iya zama suna, kamar "Though a lawyer, she has never appeared in court", wato ko da yake lauya ce, ba ta taɓa tsayawa a gaban kotu ba. Yana iya zama yanki mai nuna wuri ko hali, kamar "Although in pain, he finished the race". Yana kuma iya zama sigar aikatau mai nuna an yi wa abu aiki, kamar "Though badly damaged, the bridge is still in use", wato ko da yake gadar ta lalace ƙwarai, har yanzu ana bi ta kanta.

Ƙa'ida ta biyu ita ce "be" kaɗai ake cirewa. Dalili kuwa a fili yake: shi ne aikatau ɗin da ba ya ɗauke da wata ma'ana ta kansa, don haka mai karatu zai iya mayar da shi da kansa. Idan aka ce "Although he seemed rich", ana nufin ana yi masa kallon mai kuɗi ne kawai. Da zarar an taƙaita aka ce "Although rich", an tabbatar masa da dukiyar ke nan. Mai son ya taƙaita ba tare da ya tabbatar ba, sai ya kawo bayanau ya ce "Although seemingly rich".

Haka lamarin lokaci yake. Tunda an cire aikatau, an cire alamar lokaci, sai mai karatu ya ɗauko shi daga babbar ganga. "Though poor, he is generous" na nufin talaka ne a yanzu, "Though poor, he was generous" kuma na nufin talaka ne a da. Idan lokutan biyu sun bambanta, dole a sa wata kalma da za ta nuna haka, kamar "Though once poor, he now owns three factories".

Wane ne ya ji rauni?

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, kuma ba ɗalibai kaɗai ba, har da 'yan jaridar da aka haifa cikin harshen.

Ƙa'idar ita ce, wanda aka ɓoye a ƙaramar ganga shi ne aikau ɗin babbar ganga. Mai karatu yana ganin "although injured", sai ya jira sunan farko da zai zo a matsayin aikau, ya ɗora masa raunin.

A duba wannan jimla: "Although injured, the police questioned the driver for five hours." Abin da marubucin ke son faɗi shi ne direban ne ya ji rauni, amma duk da haka 'yan sanda suka shafe sa'a biyar suna yi masa tambayoyi. Abin da jimlar ta faɗa bisa ƙa'ida kuwa shi ne 'yan sandan ne suka ji rauni. Labari biyu ne daban. Na farko zargi ne a kan 'yan sanda, na biyu kuma kusan yabo ne gare su.

Gyaran hanya biyu ne. Ko dai a mayar da abin da aka cire, a ce "Although he was injured, the police questioned the driver", ko kuma a juya babbar gangar yadda direban zai zama shi ne aikau, a ce "Although injured, the driver was questioned by the police".

Mai fassara zuwa Hausa ya fi kowa jin nauyin wannan matsala, domin Hausa ba ta ba shi damar ɓuya. Da zarar ya ce "ko da yake", sai ya zaɓa tsakanin "ya ji rauni" da "ta ji rauni" da "sun ji rauni". Abin da Turanci ya bari a dunƙule, Hausa sai ta warware shi, ta nuna jinsi da adadi. Idan marubucin asali ya yi sakaci, mai fassara ne zai yanke hukunci, kuma sau da yawa a cikin gaggawar ɗakin labarai. Abin da ya fi dacewa a irin wannan hali shi ne a nemo gaskiyar lamarin a sauran sassan rahoton, a maimakon a dogara ga jimlar ita kaɗai.

Akwai wani reshe na wannan kuskure da ya shafi yanayi da lokaci. Idan ana son a ce ko da yake dare ya yi, sun kama hanya, to "Although it was late, they set out" ake cewa. Idan aka taƙaita aka ce "Although late, they set out", ma'ana ta koma su ne suka makara. Haka kuma "Although there was heavy rain" ba ta taƙaituwa zuwa "Although heavy rain". Sai dai a sauya kalmar gaba ɗaya a ce "Despite heavy rain".

Masu nahawu dai sun yarda da cewa akwai wasu 'yan maganganu da suka kauce wa wannan ƙa'ida saboda yawan amfani, kamar "if possible" da "if necessary" da "where appropriate", inda abin da aka ɓoye shi ne al'amarin baki ɗaya. Amma waɗannan na sharaɗi ne, kuma 'yan kaɗan ne.

Inda aikau yake zama

Akwai nau'i na biyu, wanda tsarinsa ya saɓa wa na farko. Shi ne wanda ake buɗewa da "however" ko "whatever" ko "no matter how". A nan aikatau kaɗai ake cirewa, aikau yana nan daram, kuma ba lalle ne ya zama shi ne na babbar ganga ba.

Misali: "However strong the evidence, some people will not be convinced." Cikakkiyar sigar ita ce "however strong the evidence is" ko "may be". Haka kuma "Whatever the cost, the road must be built", wato ko nawa za a kashe, dole a gina hanyar.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Karin maganar da ke cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, da wadda ke cewa komai nisan dare gari zai waye, duk a kan wannan gini suke. Babu aikatau a kashin farko, kuma babu wanda yake jin an rage wani abu. Bambancin kawai shi ne Hausa tana amfani da suna, wato "nisa", ta ɗaure shi da "dare", shi kuwa Turanci sifa yake kawowa ya ce "however long the night".

To amma ko a nan akwai iyaka. Aikau ɗin da ya saura dole ya zama cikakken suna, galibi ma sunan abin da ba a taɓawa da hannu, kamar dalili ko farashi ko matsala ko sakamako. Ba ya zama wakilin suna. Ana cewa "however tired he is", ba a cewa "however tired he". Ana cewa "whatever the reason", ba a cewa "whatever it" a yi shiru. Wannan ya sa nau'in ya fi yawa a jawaban shugabanni da sharhunan jaridu da takardun doka, inda ake yawan magana a kan manufofi da sharuɗɗa.

Akwai kuma wata siga mai kama da waɗannan wadda ba a cire komai a cikinta, sai dai a kai sifar gaba: "Tired though he was, he kept walking", ko "Tired as he was". Amurkawa sun fi cewa "As tired as he was". A nan "though" ce kaɗai take shiga, ba a cewa "tired although he was". Wannan na daga cikin wurare ƙalilan da kalmomin biyu ba sa maye gurbin juna.

Kalmomin da ba su yarda ba

Ba kowane mahaɗi ne yake karɓar wannan taƙaitawa ba. Masu nuna dalili, irin su "because" da "since", ba a saba bin su da sifa kaɗai ba a daidaitaccen Turancin yau. Ba a cewa "Because ill, he stayed at home". Sai dai a cika gangar, ko a ce "Being ill".

Su kuma "despite" da "in spite of" suna suke nema a bayansu, kamar dai yadda "duk da" take a Hausa idan aka ce "duk da gajiyarsa". Saboda haka "despite tired" kuskure ne. Daidai shi ne "despite being tired" ko "despite his tiredness". Wannan kuskure yana yawan bayyana a rubutun ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, kuma tushensa shi ne ɗaukar "despite" da "although" a matsayin kalma ɗaya, saboda ma'anarsu ɗaya ce.

Wani kuskuren da ya fi wannan yaɗuwa shi ne haɗa "although" da "but" a jimla guda. A Hausa babu laifi a ce ko da yake ya gaji, amma ya ci gaba. A daidaitaccen Turanci ɗaya daga ciki ya wadatar, ko an taƙaita gangar ko ba a taƙaita ba.

Larabci da Faransanci

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ko a makarantar Islamiyya ya riga ya san wannan babi da wani suna. A Larabci jimlar mubtada'i da habari ba ta buƙatar aikatau idan ana maganar halin da ake ciki, "kana" tana shigowa ne idan ana maganar abin da ya wuce ko kuma bayan wasu haruffa. Malaman nahawu kuma sun tabbatar da cewa ana share "kana" tare da sunanta a bar habarinta, kuma hakan ya fi yawa bayan "in" da "lau". Ibn Malik, wanda ya rasu a birnin Dimashƙu a 1274, ya kawo wannan ƙa'ida a cikin Alfiyyarsa.

Idan Balarabe ya ce a ba da wani abu "wa lau ƙalilan", wato ko da kaɗan ne, ya share aikatau da aikau, ya bar habari. Abin da Bature yake yi ke nan idan ya ce "though small". Sai dai Larabci yana barin sawu, domin wasalin ƙarshen kalmar yana nuna akwai "kana" a ɓoye. Turanci ba ya barin ko ɗaya. Hausa ma ta ari wannan kalma, shi ya sa ake jin "walau" a bakin malamai.

Masu karatu da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi su ma suna da irinsa, inda ake cewa "bien que malade" ko "quoique pauvre" ba tare da aikatau ba.

Ita kuwa Hausa, "ne" da "ce" ba aikatau ba ne, dirka ake kiransu, ba sa kuma nuna lokaci. Galibi ba a jefar da su bayan "ko da yake". Cewa ake yi ko da yake talaka ne, ko da yake yarinya ce.

Bai kamata kuma a haɗa wannan tsari da wasu wuraren da "be" yake ɓacewa ba. Kanun labaran jaridu sukan jefar da shi don ƙarancin wuri. Turancin baƙaƙen fatar Amurka yakan jefar da shi a babbar ganga, lamarin da masanin harshe William Labov ya yi fitaccen nazari a kansa a 1969. Turancin buroka na Najeriya ma yana da nasa tsarin. Waɗannan kowanne da ƙa'idarsa, kuma ba su ne ake nufi a nan ba.

'Albeit' da 'if'

Kalmar "albeit" tana da tarihi mai ban sha'awa. Asalinta kalmomi uku ne, "al" da "be" da "it", waɗanda suka manne tun wajejen ƙarni na 14, ma'anarsu kuwa ko da yake haka ne. Wato aikatau da aikau suna cikin kalmar ita kanta. Wannan ne ya sa a yau aka fi bin ta da sifa ko bayanau kai tsaye, kamar "The economy is growing, albeit slowly", wato tattalin arziki yana bunƙasa, ko da yake a hankali. H. W. Fowler, a ƙamus ɗinsa na yadda ake amfani da Turanci na 1926, ya lissafa ta cikin tsofaffin kalmomi, amma ga shi ta farfaɗo, ta zama ruwan dare a rahotannin tattalin arziki da na siyasa.

Kalmar "while" kuma fuska biyu gare ta. "While a student, he joined the party" lokaci take nunawa, wato tun yana ɗalibi. "While sympathetic, the minister refused to intervene" kuwa ko da yake take nufi. Ma'anar jimlar ce kaɗai ke raba su.

Wadda ta fi su duka santsi ita ce "if". Ga ɗan jarida, bambancin da ke tsakanin "though true" da "even if true" ba ƙarami ba ne. Ta farko ta tabbatar da cewa maganar gaskiya ce. Ta biyu ba ta tabbatar da komai ba, cewa kawai ta yi ko da a ce gaskiya ce. Mai fassarar da ya mayar da "even if guilty" zuwa "ko da yake yana da laifi" ya yanke wa mutum hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Daidai shi ne "ko da a ce yana da laifi".

Amma idan "if" ta shiga tsakanin sifofi biyu, sai ta koma ma'anar ko da yake. "It was a useful, if expensive, exercise" na nufin aikin ya yi amfani, sai dai ya ci kuɗi, babu wani sharaɗi a ciki.

Idan kuma aka ƙara mata "not", sai ma'ana ta rabu biyu. Jimlar "The election was peaceful, if not fair" tana iya nufin an yi zaɓen lami lafiya ko da yake ba a yi adalci ba. Ita kuwa "Hundreds, if not thousands, were displaced" tana nufin ɗaruruwa ne suka rasa matsugunansu, ƙila ma dubbai. A ta farko an kore abu na biyu, a ta biyu kuwa an buɗe masa ƙofa. A baki, sauti yana raba su. A rubuce babu abin da ke raba su sai fahimtar mai karatu, don haka editoci da dama sukan sauya ta farkon zuwa "though not fair", ta biyun kuma zuwa "perhaps even thousands", kafin labari ya fita.